Shafin da Ban Karanta wa Baba Ilu Ba

Birnin Kudu,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Kano lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na gari, Ya sa ɗakin da kika kama ya zame miki wurin natsuwa. Innarki tana gaishe ki. Ta umarce ni da in sassauta harshe a wannan wasiƙa, na kuwa yi mata alkawarin zan gwada, ban yi mata alkawarin zan iya ba. Na zaɓi takarda a kan waya ne domin a waya katse ni kike yi tun ban kai ƙarshen jimla ba. Direban da ya kai ki shi zai miƙa miki ita.

Labarin gida babu abin da ya canza tun jiya, don haka ba zan ɓata tawada a kansa ba. Kin bar gidan nan kina fushi, kin bar ni ina fushi, kuma a bisa kowane ma'auni na adalci na fi ki hujja.

Bari in maimaita mas'alar, kada daga baya ki ce na karkata ta. Kin yi shekarar bautar ƙasa a maɗaba'ar nan ta ƙungiyar malaman jami'a da ke Kano, wadda ba don riba aka kafa ta ba sai don littattafan bincike su samu fita. Yanzu sun ɗauke ki aiki na dindindin a daidai lokacin da ake sake wa wurin fasali, sabon manaja kuma ya ce ki rubuta shawarwarin da kwamitin amintattu zai duba ranar Alhamis. Shekaranjiya bayan la'asar kika zaunar da ni a rumfa kika karanta mini daftarin, kina ɗaga murya duk inda kika zo kan babbar kalma. A sakin layi na bakwai kika nemi a soke kujerar wata Malama Talatu, wadda kowane littafi yakan yi mako uku a teburinta kafin ya tafi wurin bugu.

Na ce, "Me take yi da littafin a mako ukun nan?"

Kika ce, "Jinkiri take yi, Baba."

Na ce, "Kin tambaye ta?"

Kika ce, "Baba, zamani ya wuce nan. Ba a zama da cikas ana tambayarsa dalili."

Innarki tana gefe tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Oh ni! Malam, har muryar taka ta kwashe."

Ke kika ɗauka yabo ne. Ni na san ba yabo ba ne, domin ta san labarin da ke ba ki sani ba. Kunya ce ta hana ni ba ki shi tun tuni. Yau haushi ya rinjayi kunyar.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar nan ina sabon fitowa daga jami'a. Ina da digiri, ina da jakar hannu, ina da tabarau wanda idona ba ya buƙata. A garin nan akwai wata ƙaramar maɗaba'a ta ƙungiyar malamai da manazarta, mai fitar da mujalla da ƙananan littattafai a kan tarihin garuruwa da noma da sana'o'i. A da reshe ce ta uwar ƙungiya da ke Kano. Da aka raba jiha sai aka ce ta tsaya da ƙafarta. Aka naɗa sabon kwamitin amintattu, yawancinsu ma'aikatan da suka dawo gida daga Kano da zumuɗin nuna wa duniya cewa mu ma mun iya. Aka kawo kwamfuta guda biyu aka ajiye kusa da tsohuwar tafireta. Ni kuma aka ɗauke ni mataimakin edita, aka ce in rubuta sabon tsarin aiki.

A ranata ta farko na tara ma'aikatan, su biyar, na yi musu jawabi. Na ce musu na zo ne da juyin juya halin ilimi, cewa daga yau ƙa'ida ce za ta yi mulki, cewa al'adar ga-yadda-muka-saba ta zo ƙarshen wa'adinta. Na yi kusan sa'a guda ina zuba. A cikinsu akwai Malam Sabo, babban mai gyaran rubutu, wanda ya fara aikin tun ana jera haruffa da hannu, ya kuma girmi ubana. Da na gama sai ya ce, "Madalla. Malam, ba ka dai gaya mana ɗan wane gida ne kai ba." Ban ko gaishe su ba, Ummi. Kafin azahar sunana ya koma Malam Ƙa'ida, kuma har yau akwai tsofaffi a kasuwar garin nan da ba su san ni da wani suna ba.

Don haka ki fara da gaisuwa. Ki gaida mai gadi, ki gaida mai ɗinkin littattafai, ki san sunan 'ya'yansu. Manyan kalmominki ba za su ruɓe ba idan kika ajiye su wata guda. Ni ne na koya miki su, na san ƙarkonsu.

Malam Sabo yana da wata hanya ta aiki da ake kira mayar da magana. Yawancin littattafanmu daga bakin dattawa ake ɗauko su: marubuci ya je ƙauye da rikoda, ya yi hira, ya dawo ya rubuta. To idan an gama shirya littafi, gwajin bugu ya fito, sai Malam Sabo ya cusa shi a jaka, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya nufi Gwaram ko Basirka ko duk inda aka yi hirar. Ya zauna a tabarma, ya karanta wa kowane dattijo shafin da maganarsa take, kafin a buga. Wani littafin yakan yi wata guda a wannan yawo, idan damina ce ma ya fi.

Wannan abu ya tsaya mini a wuya. A cikin tsarina na kira shi katsalandan a cikin 'yancin bincike. Na rubuta cewa masani ba ya neman izinin madogararsa, cewa kaset shi ne hujja, cewa maɗaba'ar da ke jiran babur ba za ta taɓa shiga sahun maɗaba'un duniya ba. Jimlolin sun yi kyau ƙwarai, har yanzu ina iya kawo su da ka. Kwamiti ya tafa. Aka soke mayar da magana, aka haɗe kujerar Malam Sabo da tawa, aka ce a sallame shi da godiya.

Kin san yadda ya ji labari? A allon sanarwa. Ni na manna takardar da hannuna, na koma ofis na rufe ƙofa. Ta taga na hango shi ya sa tabaransa, ya karanta har ƙasa, ya ciro biro daga aljihu ya gyara wani wuri da na yi kuskuren bugawa, sannan ya je ya kwashe kofinsa da dardumarsa. Tsakanin teburinsa da nawa bai kai taku goma ba. Ban taka ba.

Idan har hannunki ne ya rubuta abin da zai raba mutum da kujerarsa, to bakinki ne ya kamata ya fara gaya masa. Wanda ba zai iya kallon idon mutum ya faɗa ba, bai isa ya rubuta ba. Na san za ki ce wannan tausayi ne, ba tsarin gudanarwa ba. Ki ci gaba da karatu, ban gama ba.

Littafin farko da ya fito a sabon tsari na wani malamin tarihi ne, a kan noman fadama a ƙasar Gwaram. Cikin mako shida muka gama shi, abin da a da yakan ci rabin shekara. Na ɗauki kwafi ɗaya ina yawo da shi a gari kamar jariri ranar suna. Innarki lokacin ana maganar aurenmu, har gidansu na kai shi, na karanta wa babanta gabatarwar yana gyangyaɗi.

A cikin littafin akwai shafi guda da aka ɗauko daga bakin Baba Ilu, Sarkin Noman wani ƙauye kusa da Farin Dutse. Ya ce fadamar da gidan Jibo suke nomawa ba tasu ba ce tun asali: kakansa ne ya ara wa kakansu lokacin da suka zo garin a baƙi cikin wata shekarar yunwa, aro kuwa ba kyauta ba. Kowa a ƙauyen ya san haka, kuma babu mai faɗa. Duk kaka gidan Jibo sukan kai kwandon albasa gidan Sarkin Noma da sunan gaisuwa, a karɓa a sa albarka, magana ta ƙare sai baɗi. Haka suka yi zuriya uku, suna zuwa gayyar juna, suna auren juna.

Baba Ilu yana da ɗa mai motar haya a Kano. Wani ya nuna masa shafin a tasha. Ya ce ai yanzu magana ta zama rubutacciya, littafin masana ya tabbatar, sai ya dawo gida ya kai ƙara kotu yana neman fadamar gidansu, ba da yardar ubansa ba. Su kuma gidan Jibo suka ji an kira su baƙi a littafin da 'ya'yansu za su karanta a makaranta. Damina ta zo, babu wanda ya je gayyar wani. Albasa ba ta zo ba, ba a kuma aika tambaya ba.

Da labari ya iso ofis, me kike tsammani na yi? Abin da ke ma za ki yi. Na nemo kaset ɗin, na saurara, na ga babu kuskure ko na kalma ɗaya, sai na ji ƙarfi ya zo mini. Na hau mota zuwa Gwaram, daga nan na hau babur, na isa ƙofar gidan Baba Ilu da hantsi, rikoda a hammata, da niyyar wanke sunan maɗaba'a. Na same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya.

Na ce, "Baba, ga muryarka. Babu ƙari, babu ragi."

Na kunna. Ya saurara. Ana jin muryarsa, ana jin ƙarar ludayi a ƙwarya, domin ashe bayan an gama hirar ne ya faɗi maganar, suna shan fura, marubucin bai kashe rikodar ba.

Ya ce, "Kashe abin nan. Yaro, wa ya ce maka ƙarya na yi?"

Na ce, "To Baba, idan gaskiya ce, a ilmance ina laifin maɗaba'a?"

Ya ce, "Gaskiya ce. A wurin ubana na ji ta. Tun ina saurayi nake riƙe da ita har gemuna ya yi fari, ba ta raba kowa da kowa ba. Kai kwana nawa ka yi da ita a hannu?"

Na jawo rikodar na mayar da ita hammata.

Ya ce, "Ina mai babur ɗin nan da yakan zo ya karanta mana? Shi idan ya iso irin wannan wuri sai ya dakata, ya ɗago kai ya dube ni. Ni kuwa in ce masa, Malam, wannan kunnen baƙona na gaya wa, ban gaya wa takarda ba."

Na ce, "An sallame shi, Baba, bisa sabon tsari."

"Wa ya tsara?"

Na ce, "Kwamiti."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Can ya ce, "To ka gaida kwamiti. Ka ce masa jikata tana aure a gidan Jibo, kwana arba'in ke nan ba a bar ta ta zo gaishe ni ba."

Kura-kurai biyu na yi a zauren nan, kuma ina so ki ware su. Na farko, na ɗauka idan rubutu ya yi daidai da kaset aikina ya kammala. Ashe maganar da ke yawo a baki da maganar da aka buga aka sa mata bango ba nauyinsu ɗaya ba, musamman a wurin mutanenmu da ke ganin duk abin da ya shiga littafi ya zama shaida. Kada ki fahimce ni a karkace: ban ce mai ba da labari ya zama edita ba. Daga baya na gano Malam Sabo ba kullum yake cirewa ba. Wani lokaci yakan ce wa dattijo, "Wannan kam sai ta fito, don tarihi ce," su yi ta gardama har su daidaita a kan sakaya suna ko sauya lafazi. Amma mutum yakan san abin da ke tafe kafin ya same shi a bakin tasha. Na biyu, na ce "kwamiti." Ni na rubuta, ni na kare, ni na manna, amma da aka tambaye ni sai na laɓe a bayan mutum tara da ba su taɓa ganin Farin Dutse ba. Idan shawara taki ce, ki sa sunanki a ƙasa, ki kuma amsa shi ranar da ta ɓaci.

Bayan mako guda na haɗiye girman kaina na tafi Yalwan Damai, inda Malam Sabo ya koma noma. Na same shi a gona yana huɗa. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"A'a! Malam Ƙa'ida! Yau juyin juya hali ta gonata ya biyo?"

Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da ya kamata in yi tun ranar farko. Na kwashe labarin Baba Ilu na gaya masa, ashe ya riga ya ji. Na roƙe shi ya dawo, na ce zan je gaban kwamiti in janye maganata.

Ya ce, "Ba zan dawo ba. Ba fushi ba ne, bayana ne ya ƙi. Zauna."

Muka zauna a gindin wata ɗorawa. Ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni haushi da kai? Ni ma na gaji da babur ɗin nan. Shekara biyu ina tunanin yadda za a rage yawon. Ba kowane shafi ne ke buƙatar a mayar ba. Waɗanda suka taɓa gona, ko asalin gida, ko sarauta, su ne kawai. Sauran a buga. Dattawan kuma ranar kasuwa duk suna shigowa Gwaram, a wuni ɗaya sai ka ga biyar. Da an yi haka, wata gudan nan zai koma kwana huɗu. Na rubuta duka a ɗan littafina. Da aka ce an kawo yaro mai digiri zai gyara tsari, na yi murna, na ce ga wanda zan miƙa wa. Kullum kana wucewa ta gaban teburina da jakarka, ina cewa yau zai tambaya."

Ummi, na sha jin zagi a rayuwata, amma babu wanda ya shige ni kamar wannan, kuma da murmushi ya faɗe shi. Mutumin da na rubuta shafi uku ina kiran sa cikas, ashe gyaran da nake nema yana aljihunsa, ya kuma fi nawa.

Shari'ar ta ci damina biyu kafin dattawa su janye ta daga kotu su raba fadamar da duwatsu. An daidaita a fili, amma gayyar ba ta dawo ba. Baba Ilu har ya rasu bai ƙara yarda wani mai rikoda ya zauna a zaurensa ba, ƙauyukan kewaye ma suka kama bakinsu, muka yi shekaru marubutanmu suna dawowa da kaset babu komai sai gaisuwa. An mayar da tsarin mayar da magana bisa hanyar da ke cikin ɗan littafin Malam Sabo. Wanda ya gaji yawon kuwa ni ne. Ciwon ƙugun nan da kike ji ina kuka da shi, hanyar Basirka ce.

Kwafin daftarin da kika bari a kan tabarma na sake karanta shi yau da safe, da biro a hannu, da cikakkiyar niyyar in ragargaza shi. Abin takaici, sakin layi na ɗaya zuwa na shida duk daidai ne. Maganarki a kan yadda ake ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa ta fi abin da zan iya rubutawa. Canji wajibi ne, maɗaba'ar da ta ƙi shi za ta mutu da ilimin mutane a cikin kwali. Ban taɓa cewa ki zama mai tsoro ba.

Kuma ban san Malama Talatu ba. Mai yiwuwa izinin masu hotuna take bi, mai yiwuwa madogara take tantancewa ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa kuma barci take yi a kan littafin mako uku cur. Ban sani ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ke ma ba ki sani ba, kuma kin yi shekara guda kina wucewa ta gaban teburinta.

Ga abin da nake nema, ba kuma shawara ba ce, umarnin uba ne. Gobe Litinin, kafin ki shiga ofishin manaja, ki je wurinta. Ki gaishe ta da kyau. Ki bar daftarin a jaka. Ki ce mata, "Malama, ina so ki nuna mini abin da kike yi da littafi idan ya zo hannunki," sannan ki rufe bakinki, wanda na san shi ne zai fi yi miki wuya. Ki tambaye ta kuma abin da ita za ta canza da an ba ta dama. Idan bayan kin ji ta har yanzu kina ganin kujerar ba ta da amfani, ki bar sakin layi na bakwai yadda yake, ba zan ce miki komai ba. Amma ki koma ki gaya mata da bakinki kafin Alhamis, tana zaune kina kallon ta.

Ki kira ni ranar Laraba. Ba haƙuri nake so ki ba ni ba, ki riƙe abinki. So nake in ji amsar da ta ba ki, kuma wannan karon ni zan yi shiru har ki kai ƙarshe.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya kare ki daga sharrin mutane, Ya kare mutane daga kaifin alƙalaminki. Ya sa aikin nan ya zama alheri gare ki da duk wanda maganarsa za ta bi ta hannunki. Ya jiƙan Malam Sabo da Baba Ilu, Ya yafe mini abin da na yi musu. Ki kula da salla a kan lokaci, ki ci abinci. Innarki ta ce yajin yana cikin jakar baya, kada ki bar shi a buɗe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawan.